Inda Aka Binne Cibiyar Iya

Ina da shekara arba'in da uku na fara riƙe biro, a ajin manya na yamma. Ban rufa shekara biyu ba aka mai da ni magatakardar unguwa, kowace takarda sai a kawo mini. Haka maganar Iya ta faɗo hannuna.

Iya ce ungozomar garinmu, Ba'awa. Daga ƙasar Damagaram aka auro ta, mijin ya rasu, ba ta koma ba. 'Ya'yana bakwai duk a hannunta suka faɗo. Sai ga sanarwa a rediyo, wai duk baƙon da ba ɗan ƙasa ba ya je ya yi rajista wurin ma'aikatan shige da fice. Gari ya ɗauka, kowa da fassararsa. Wasu suka ce tarko ne, kana ba da suna sai mota, sai bakin iyaka.

Mai unguwa ya ce abu mai sauƙi. In cike mata takarda in sa a Ba'awa aka haife ta, shi zai sa hannu. Wa zai musa? Duk mai musun ita ta yanke masa cibiya.

Na same ta tana tsintar wake.

"Iya, a nan aka haife ki, kin ji ko? Haka zan rubuta."

"Ashe ƙarya aka koya miki a makarantar, malama."

Ni ba na tauna magana. Na ce, "Da tsufanki, in aka watsa ki a mota, wa kika sani a can? Wa zai ba ki ko koko?"

"Babu kowa. Duk sun mutu."

"To?"

"To shi ya sa. Ni kaɗai na rage da na san gindin aduwar da aka binne cibiyata. In na ce ba a yi ba, shi ke nan ba a yi ba. 'Yar nan, bayan ɗakinki mabiyiya bakwai na binne da hannuna. In wani ya rubuta a Legas kika haife su, kya yarda?"

Na yi kwana biyu ba na gaishe ta, ko a jikinta. A na uku ta aiko in shirya, mu tafi Kiru. Ta miƙo mini wata jaka na riƙe mata har sakateriya.

Ma'aikacin ya tambaye ta yaushe ta shigo ƙasar.

"Tun ba a datse ruwan Bagauda ba, ɗana."

Ya ajiye biro ya dube ta. Ta faɗi sunan ƙauyensu, bai iya rubutawa ba, ni na jera masa baƙaƙen. Aka ɗauki hotonta da zanen yatsunta, aka ba ta 'yar takarda mai cewa baƙuwa ce. Ya ce ta adana, ta koma gida. Babu mota, babu iyaka.

Da muka dawo na buɗe jakar in sa mata takardar a ciki. Zani biyu ne, da carbi, da likkafaninta a ninke, an turara shi.

"Iya, wannan fa?"

"Ai ban san za su bar ni ba," in ji ta. "Mayar mini da shi ƙasan akwati, kada yara su gani."