Haƙorin Inna Guda Ɗaya

Surukata, wadda nake kira Inna, haƙori ɗaya ya rage mata a baki sa'ad da na tare a gidansu a Ƙarfi. Na gaba ne, goro da furen taba sun rina shi ja wur. Kuma yana girgiɗa.

Da kaka wasu fatake suka kawo saƙo cewa ƙanwarta za ta zo daga Matazu. Rabonsu da juna tun suna amare, don a zamanin hanya ba lafiya saboda mahara. Maimakon murna sai Inna ta tashi hankalinta. Ashe da ƙuruciya farin haƙoranta ake yi wa waƙa a dandali. Ta ce, "Yarinyar nan, haka za ta same ni, baki kamar marina? Ki nemo mini abin da zai wanke shi."

Kai, ranar na ji magunguna! Maƙwabciya ta ce toka da kanwa. Mijina, da bai san komai ba sai garma, ya ce a dirje da yashin rafi. Raina ya ɓaci na ce, "Malam, haƙori ne ko gindin tukunya?" Tsorona kada ya fita a hannuna, a ce amarya ta ƙarasa bakin uwar miji.

Wata Bafulatana mai kawo mana nono, wadda nata haƙoran fari ne fat, ta ce in haƙo saiwar marke in yi asuwaki da ita. Ni nake tauna kan asuwakin har ya yi laushi, in dangwali garin gawayi da ɗan gishiri, in goga mata a hankali, numfashina a riƙe. Goro kuwa na ɓoye. Na sha zagi, har raguwa ta kira ni.

Gaskiya bai yi fari ba, ya dai koma ruwan ƙwai. Amma yana nan daram.

Ranar da baƙuwar ta sauko daga jaki, Inna ta tare ta da gefen zane a baki. Ƙanwar tata ta janye zanen ta leƙa, sannan ta wage nata bakin, dasashi zalla.

"Yaya! Har yanzu kina da guda? Wallahi kin fi ni!"

Inna ta yi dariyar da ban taɓa ji ba, baki buɗe, hawaye na zuba. Ni ma na taya su.