Dogo Biyu, Gajere Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya yayana Tanyus ya yi yana jan bas tsakanin Bairut da ƙauyenmu na kan dutse. A lokacin kowane direba da irin hon ɗinsa. Na Tanyus dogo biyu ne, gajere ɗaya, daidai kwanar zaitun. Da matarsa Wadad ta ji sai ta ɗora gahawa, kafin ya kashe mota ta tafasa.

Yanzu ido ya raba shi da sitiyari. Wata ƙungiya ta sayi motar, ta shafe ta da fenti, duk bazara tana ɗibar 'yan birni yawon yini guda. Wadad kuwa ciwon mantuwa ya cinye ta. Wata takwas ba ta kira sunansa ba, "bawan Allah" take ce masa. Mutumin da ko a jana'izar babanmu bai yi hawaye ba, sai ga shi na kama shi yana kuka a gindin inabi.

Shi ya sa ranar Lahadi ya kwashe mu, ni ƙanwarsa da Wadad, zuwa Bairut, don kawai mu hau tsohuwar motarsa mu dawo. Ya zaunar da Wadad a kujerarta ta da, bayan direba. 'Yan birni na ta tafi da ɗaukar hoto, har suka ba ni haushi. Ita kuwa ta riƙe gurasarta mai yajin za'atar, tana kallon taga.

"Wadad, kin gane motar?" in ji Tanyus.

Ko waiwayowa ba ta yi ba.

Da muka hango zaitun, ya dafa kafaɗar direban, wani mai suna Marun.

"Ɗana, danna mini hon. Dogo biyu, gajere ɗaya."

"Haba Baba! Kai ma ka sani, hon da birki iskarsu ɗaya. Tankin nan yoyo yake. So kake mu gangara Bairut da baya?"

"To tsaya, mu sa dutse a taya."

"Da mutum arba'in a hawan nan?"

"Tun kana tsumma nake tsayar da ita a nan. Don girman Allah, Marun. Ba ni da wata dabarar."

Na ji kunya, na ji tausayi, na ce wa Marun in bai tsaya ba ni da shi ne. Ya tsaya yana ƙunƙuni. Ni da kaina na sauka na cusa dutsen.

Tanyus ya lalubo hon ɗin. Dogo biyu, gajere ɗaya, duk kwarin ya amsa.

Wadad ta ajiye gurasar. Ta gyara gashinta da sauri, ta miƙe, sai ta tarar da shi tsaye ya tare hanya.

"Bawan Allah, matsa in wuce mana," ta ce. "Tanyus ya iso, ban ɗora gahawa ba."

Ya matsa mata. Sannan ya riƙo hannuna gam.

"Kin ji ko? Ta faɗi sunana."