Inna Mai Bokiti, Wadda Ta Zauna Kan Bulo

Kafin masu buga bulo su gama kwaɓin farko, Inna Mai Bokiti ta shayar da layi uku na bulo. Aikinta ban ruwa. Sabon bulo sai ya sha safe da yamma har kwana bakwai, in ba haka ba ya yi kyan fuska, cikinsa kuwa gari. Shekara ashirin da shida take wannan aikin, tun garin nan bai wuce bakin kasuwa ba, kuma da bokitin ta riƙe marayunta huɗu.

Masu cewa ban ruwa ba sana'a ba ce, su matso su ji. Wata rana ɗan kwangila ya zo da mota zai kwashi bulon ginin aji, bulon kuwa kwanansa biyu. Mai gidan bulon ya ce a loda. Inna ta ajiye bokiti, ta zauna kan layin farko, ta miƙe ƙafa.

"Inna, tashi mana, rana na yi," in ji maigidan.

"Ɗanye ne, maigida. 'Ya'yan mutane za a zuba a ciki."

"To, daga yau ba ki da aiki a nan."

"Na ji. Amma ban tashi."

Leburorin da suka shaida sun ce kowa ya sunkuyar da kai. Wa zai ciccibi uwa kamar buhun siminti? Mota ta koma wayam.

Washegari sai ga ta da bokiti. Maigidan ya ce, "Ba na kore ki ba?"

Ta ce, "Ni ka kora. Bulon bai sani ba, ƙishirwa yake ji."

Kwana biyar ta yi tana ban ruwa kyauta, tana komawa gida hannu wofi, ga tukunya ba ta jin bayani. Labari ya kai kunnen magina, suka daina sayen bulon gidan sai sun tambaya, "Inna ce ta ba shi ruwa?" Maigidan da ƙafarsa ya je ba ta haƙuri.

Inna, ke ce kika nuna ƙarami ma yana da a'a. Yau gwiwarki ta ce ya isa, kin ajiye bokiti, mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma masu tasowa, in an ce ku saki aiki ɗanye, ku ƙi. Inna ta ƙi, da baki huɗu na jiran ta a gida.