Na Je Duba Gidanmu na Miskine

Warin dizal da ƙamshin makala, wato fanke, mai zafi ne suka tarbe mu a tashar Garuwa-Bulai. Ana idar da sallar asuba muka hau mota, ni da yayana, muka bi jerin manyan motocin kaya zuwa Bangi. A jakata akwai makullin gidanmu na unguwar Miskine a Bangi. Inna ce ta ba ni, ta ce in dubo mata ko muna da wurin komawa. Mun fi shekara goma da gudowa saboda yaƙi.

Waƙa ce ta kai ni. Ni na rubuta baitocin Hausa a kan gidan nan, wani a Duwala ya haɗa kiɗa, wani mawaƙi a Bangi ya rera, ya ƙara amshi da harshen Sango. Duk ta waya muka yi, ba wanda ya taɓa ganin wani. Sai ga waƙa ta kama gari, har rabona ya ishe mu kuɗin mota.

Kwana biyu muka yi a hanya. Bayan Buwar muka riƙa wuce ƙauyukan da ciyawa ta tsiro a cikin ɗakunansu. A kowane shinge sai an sauke mu, a daɗe ana jujjuya takarduna saboda sunana na Musulmi. A Yaloke wani mai bindiga ya riƙe katina, waƙar na tashi a wayarsa, yana gyaɗa kai. Yayana ya taka mini ƙafa don kada in yi magana. Can muka ci gozo, tuwon rogo, da miyar wani ganye da suke kira koko, da tsada kamar daga Makka aka kawo rogon.

A Bangi, Kasuwar Kilomita Biyar tana nan da hayaniyarta, sai dai ramukan harsashi a bango an shafe su da fenti kawai. Daga shagon waya zuwa rumfar atamfa waƙarmu ce. Na ga 'yan mata suna rawa daidai baitin da na ce mun bar tukunya a kan wuta.

A nan mawaƙin ya same mu, mutum mai kunya. Da na ce ya raka mu Miskine sai ya shiga kawo uzuri: rana ta yi zafi, hanya ta lalace. Daga baya ya yarda, amma a bakin layinmu ya tsaya, ya ce zai jira.

An canja ƙofar. Wata dattijuwa tana shanya a tsakar gida. Na gaishe ta da Sango.

"Mama, nan gidanmu ne."

"Na sani, 'yata," in ji ta. "Nawa ƙone shi aka yi. Zauna ki sha ruwa."

Na sha, a kofin silbar Inna. Na leƙa, jikokinta biyar a ɗakina.

Da muka dawo na faɗa wa Inna gida yana tsaye, rufi bai yoyo. Ta tambaya sai yaushe za mu koma, na ce ba yanzu ba. Ba ta sake tambaya ba. Abin da na koyo shi ne, waƙata tana kwana a unguwar da ni ba zan iya kwana ba.

Sai bayan watanni mai haɗa kiɗan ya faɗa mini, cikin hira, cewa dattijuwar gwaggon mawaƙin ce. A ɗakin Inna mawaƙin ya ɗauki muryar waƙar, ya jingina katifu a taga saboda ƙarar babura.