Baba Mai Rijiya da Shekarun Ruwa

A Unguwar Boro, in ka ce Bulus Kazah sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Baba Mai Rijiya, har mai gasa masara a bakin titi za ta nuna maka gidansa. Daga Zonkwa ya zo Kaduna yana saurayi, da niyyar samun aiki a masaƙa. Aikin bai samu ba, sai wani maƙwabcinsa ya miƙa masa diga, ya ce ya taya shi haƙa rijiya na kwana biyu. Kwana biyun nan suka zama shekara talatin da takwas.

Daga Narayi har Gonin Gora, da wuya ka wuce layi uku ba ka ga rijiyarsa ba. Ya san wadda ke ƙafewa tun watan Fabrairu, ya san wadda ruwanta ke da ɗanɗanon ƙarfe. Gwiwa ta hana shi shiga rami yanzu, amma bakinsa bai yi ritaya ba, kamar yadda matarsa Juliana take yawan faɗa.

Wata ranar Talata wata mata ta yi sallama a ƙofarsa, da akwatin ƙananan kwalabe. Ta ce sunanta Dakta Sadiya, malamar jami'a ce mai nazarin ƙasa da duwatsu. Shekara uku tana neman tallafin bincike kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, sai bana aka amince. Ta samu mota da kayan aiki, amma ba ta san inda rijiyoyin suke ba, kuma masu gidaje ba sa buɗe wa baƙuwa ƙofa.

Bulus ya tambayi abin da take nema a cikin ruwan. Ta bayyana masa cewa ruwan sama yana sauka da wata alama da ido ba ya gani, masana na kiranta aisotof, kuma da ita ake gane lokacin da ruwa ya shiga ƙasa.

"Wato shekarun ruwa za ki ƙirga, 'yata?"

"Shi ke nan, Baba."

Ya yi dariya har da tari, sannan ya ɗauko hularsa.

Sati shida suna yawo. Shi ne gaba, yana ƙwanƙwasa ƙofa, yana gaisawa da kowa da sunansa. Ita tana cika kwalba tana rubutu, shi kuma sai ya kurɓi ruwan ya faɗi nasa sakamakon nan take. Aka aika kwalaben ƙasar waje, aka yi wata bakwai shiru, har Juliana ta fara tsokanarsa cewa ruwan nasu ya samu biza ya ƙi dawowa.

Da sakamako ya iso, Dakta ta zo da kanta. Ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi da suka ɗiba a Gonin Gora, in ji ta, ya sauka tun kafin a haifi Bulus. Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai, ya ce daga yau zai riƙa gaishe da ruwan, tunda ya girme shi. Amma ruwan rijiyoyinsa ɗan bara ne ko bara waccan, kuma yana raguwa, domin kowa ya shafe tsakar gidansa da siminti, ruwan sama ba ya samun hanyar shiga ƙasa.

Bulus ya dubi tsakar gidansa, siminti fes daga bango zuwa bango. Shi da kansa ya shafe shi.

Washegari da hantsi Juliana ta dawo daga taron zumuntar mata ta tarar da shi da diga, ya fasa kusan rabi. Ta tsaya riƙe da ƙugu, ta saurari bayaninsa har ƙarshe.

"To, tunda ka fasa, wurin nawa ne," in ji ta. "Tumatir zan shuka."

A damina ta gaba, gidaje biyar a layinsu suka yi koyi da su.