Dattijo a Garejin Sai-Gobe

Mai gyaran keken ɗinki ne, kuma tun kansa da baƙin gashi ake kiransa Ɗigo. Sunan ya samo asali ne daga wani ɗan gwangwanin fenti rawaya da ba ya rabo da akwatin aikinsa. In ya kwance keke, duk ƙarfen da ya fitar sai ya tsoma tsinken ashana a fentin ya ɗiga masa, don kada kayan wani su shiga cikin na wani. Teloli suna tsokanarsa wai saura kaɗan ya ɗiga wa 'ya'yansa a goshi, shi kuwa ko a jikinsa. Da furfura ta fito aka ƙara masa Baba a gaba, aikin dai bai canja ba.

Yana da babur guda, baƙi, mai faɗin tanki, wanda ya saya tun kafin a haifi autarsa. Yaran unguwa suka raɗa masa suna Dattijo, saboda ba ya gudu, ba ya ihu, kuma duk inda ya nufa sai ya kai. A bayansa ake ɗaure akwatin aiki, su zaga shagunan teloli na cikin gari da na ƙauyukan gefe, da gidajen matan da ke ɗinki a ɗaki. Da shi aka ci, da shi aka sha, da shi aka kai yara makaranta har suka gama. Ranar hutu Baba Ɗigo yakan fito da shi ƙofar gida, ya wanke sarƙa da kananzir da tsohon burushin haƙori, ya kankare fulogi, ya juye baƙin mai tun bai yi kauri ba. Duk abin da ya taɓa kwancewa a jikinsa kuwa ya sha ɗigo, daga salansa har madubi. Takardunsa da inshorarsa ba su taɓa mutuwa a hannunsa ba, abin da ko masu sababbin motoci ba duka ke iya faɗa ba.

Wata rana a hanyar dawowa Dattijo ya yi wani tari mai ƙarfe-ƙarfe, ya tsaya cak. Baba Ɗigo ya turo shi har garejin da ya saba. Asalin mai garejin amininsa ne, amma ya rasu, ɗansa ya gaji wurin, da sifanu, da benci, ban da hali. Ana ce masa Sai-Gobe, don ba a taɓa tambayarsa yaushe aiki zai kammala ya ba da wata amsa ba. Sai-Gobe ya buɗe injin, ya ɗaga fistin ya nuna.

"Baba, ya fashe. Irin wannan kuma an daina kawo shi kasuwa, sai dai a sa cigiya."

"To in mayar da shi gida kafin a samu?"

"Haba Baba, da injin a buɗe? Ka bar shi nan. Ai nan ma gidanku ne."

Baba Ɗigo ya kira Auta a waya, wadda ke aure a wani babban gari mai kasuwar kayan gyara, ya kwatanta mata, ta ce za ta sa mijinta ya bincika. A daidai lokacin ne kuma asibiti suka kira shi aikin yanar ido da ya daɗe yana jira. Aka yi wa ɗaya, aka jira ya warke, aka yi wa ɗayan. Likita ya hana shi rana, ya hana shi hayaƙi, ya hana shi ɗaukar kaya mai nauyi. Matarsa ta tsaya a kan maganar likita kamar ita ta faɗa, ko ƙofar gida ya nufa sai ta tambaye shi ina zuwa. Watanni suka shuɗe yana zaune, teloli suna kira, wasu suna haƙuri, wasu sun fara kai kekunansu wani wuri.

Ranar da aka sake shi ya fita, duniya ta yi masa tas, har ƙananan rubutun allunan shaguna yana karantawa. Kuma abin haushi, abu na farko da sababbin idanun suka nuna masa shi ne salansar Dattijo a jikin baburin mai kai burodi. Ga ɗigon nan rawaya, kusa da noti, inda ya sa shi da hannunsa. Ya tare mutumin a tsakiyar layi.

"Malam, ina ka samo wannan salansar?"

"Sai-Gobe ya sa mini. Lafiya, Baba?"

Baba Ɗigo ya wuce ya bar shi nan. Kafin ya isa garejin ya ga madubinsa a baburin wani malamin makaranta, ya ga murfin tankinsa a na mai aski. Yana tafe zuciyarsa na tafasa, har ya manta an hana shi sauri.

Ya tarar da Dattijo a can ƙarshen rumfa, an ɗora shi a kan bulo, ba tayar baya, ba fitila, ba kafireto, wayoyi sun zubo kamar hanjin kaza. Wani ma ya shanya tsumma a kan kujerar. Baba Ɗigo ya tsaya yana kallon abin da ya rage. Sai-Gobe ya taso yana goge hannu yana murmushi, wai murnar ganin Baba ya samu lafiya.

"Kai, me ka yi wa baburina?"

"Au, wannan? Aro ne, Baba. Ka san yadda aikin yake. In mashin ya daɗe a kwance, wani ya zo da matsalar gaggawa, sai a ɗan ara a sa masa. Da fistin ɗinka ya zo zan tattaro komai."

"Aro? Wa ka tambaya? Ni na mutu ne aka raba gado ban sani ba?"

"Subhanallahi, Baba, ai ba a haka."

"An yi haka mana, ga shi ka yi! Ubanka ya riƙe mini wannan babur tun kana rarrafe a ƙarƙashin bencin nan, ko noti bai taɓa ɓata ba. Kai ka mai da shi shagon kayan gyara!"

Abin da ya fi ƙona wa Baba Ɗigo rai shi ne, yaron bai ma ga laifinsa ba. Haka ake yi a layin gaba ɗaya. Duk baburin da ya kwana biyu ba a leƙo shi ba, ya zama na kowa, a cire yau, a cire gobe, a kira shi aro, alhali ba a taɓa ganin ranar mayarwa ba. Maƙwabtan garejin ma da suka taru, haƙuri suke ba shi irin wanda ake ba tsohon da ya cika mita.

Washegari ya tafi ofishin inshora da ƙarfin gwiwarsa, shi da bai taɓa fashin sabuntawa ba. Ma'aikacin ya saurare shi yana juya biro.

"Baba, ka buge wani ne?"

"Ban taɓa buge ko akuya ba."

"To irin inshorarka ta wanda ka buge ce. Sace shi aka yi?"

"Wai ara aka yi."

"Gaskiya ba mu da tsarin aro."

Ya fito bai yi sallama ba. Daga ranar ya ɗaura ɗamarar karɓo kayansa da kansa. Kullum da safe sai ya zo ya zauna a bencin garejin, duk wanda ya kawo gyara ya gaishe shi da kyau, sannan ya ce masa, "Ɗana, kada ka bar shi ya kwana, dubi nawa can." Ciniki ya fara guduwa. Sai-Gobe ya ga ba sarki sai Allah, ya shiga kiran mutane ɗaya bayan ɗaya yana musanya musu. Waɗanda suka yi gardama, Baba Ɗigo ya bi su har gida. Mai aski ya ce shi sayen murfin ya yi, ba aro ba, suka yi ta sa-in-sa har masu jiran aski suka raba. Mai kafireto kuwa ya yi ƙememe, sai da tsohon ya gyara wa matarsa keken ɗinki kyauta sannan ya yarda aka kwance. Da guminsa ya fanshi kayansa, wannan kuwa bai taɓa yafewa ba.

Duk abin da ya dawo, gida yake kai shi. Ya ce ko ƙusa ba zai sake bari ta kwana a wurin ba. Ya sa Sai-Gobe ya kwance sauran a gabansa, injin, tanki, kujera, tayar gaba, ƙahon tuƙi, aka loda wa mai baro. Matarsa ta ga ana shigo da ƙarafa ɗakin ajiya ana jerawa a kan tabarma.

"Malam, gareji za ka buɗe mana?"

"Gara garejina da na ɓarayi."

Abin da ya rage a can shi ne gangar jikin, wato ƙarfen da ake ɗora komai a kansa. Baro ya riga ya cika, shi kuma an hana shi ɗaukar nauyi, sai ya jingine ta da bango ya ce zai aiko. A ransa ya ce ai babu abin ara a jikin ƙarfe tsirara. Kafin ya tafi ya nuna Sai-Gobe da yatsa.

"Ka buɗe kunnenka. Duk abin da ka ga ɗigona a jiki, in ka sake taɓa shi, ni da kai ne."

"Na ji, Baba. Wallahi na ji."

Sai ya shagala da wanke kayan. Ya jiƙa kafireto a fetur, ya bi ramukansa da siririyar waya, ya goge tsatsar salansa, ya shafa wa kowane noti mai. Rabon da matarsa ta ji yana waƙa ƙasa-ƙasa tun kafin aikin ido, sai yanzu. Aiken gangar jiki kuwa yau ne, gobe ne, shi ma ya ɗan taɓa halin mai garejin.

Ana haka Auta ta iso, ko mayafi ba ta cire ba ta miƙa masa wani ɗan kwali. Mijinta ya tona rumbun wani tsohon ɗan kasuwa ya samo fistin, sabo fil, a naɗe cikin takarda mai maiƙo. Baba Ɗigo ya yi ta sa musu albarka. Ya ce a gida za a haɗa Dattijo, a gaban idonsa. Ya kira mai baro, Auta ta ce sai ta raka shi.

Bangon yana nan, da tabon inda ƙarfen ya jingina. Ƙarfen ne babu.

"Ina gangar baburina?"

Sai-Gobe ya dubi bangon, ya dubi tsohon, ya sosa ƙeya.

"Wacce? Au. Baba, 'yan gwangwan sun zo share wuri shekaran jiya. Mu a nan duk ƙarfen da ya zama tsirara, nasu ne. Na ɗauka ka gama kwashe naka."

"Ka ɗauka?"

"Wallahi sai da na duba. Na juya ta sama da ƙasa, babu ɗigo ko ɗaya. Kai ka ce mai ɗigo ne naka."

Baba Ɗigo ya sake duban bangon. Gaskiya ne, babu. Abin da ake kwancewa shi yake ɗiga wa fenti, gangar jiki kuwa ba a kwance ta daga komai, a kanta ake kwance komai. Shekara da shekaru yana bin ƙananan ƙarafa da tsinken ashana, bai taɓa tunanin uwar ba. Auta ce ta yi faɗan, ta wanke Sai-Gobe tas, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba, shi kuwa yana ta "a yi haƙuri, Hajiya, gobe zan bincika." Suka garzaya filin 'yan gwangwan. Mai wurin ya nuna musu sawun tayar babbar mota, ya ce lodin ya tafi kamfanin narka ƙarfe tun jiya. Irin gangar kuma, ya ce, ya daɗe bai ga ko ɗaya ba.

Mai baro ya koma da baronsa ba komai. A gida Baba Ɗigo ya shiga ɗakin ajiya ya zauna a bakin tabarma. Ga tanki yana sheƙi, ga fitila, ga madubi, ga sarƙa a naɗe, kowanne da ɗigonsa, babu abin da ya ɓace. Ya jawo injin, ya zare fistin daga takardarsa, ya shafa masa mai, ya zura shi a mazauninsa. Ya shige sumul.

Auta na tsaye a bakin ƙofa tare da mahaifiyarta.

"Baba, ya yi daidai kuwa?"

"Ya yi daidai," in ji shi.

Ya zaro shi, ya goge. Ya buɗe ɗan gwangwanin fentin, ya tsoma tsinken ashana, ya ɗiga masa. Sannan ya ajiye shi a kan tabarma kusa da sauran.