Sahabi, Kyaftin ɗin Gungun Marke

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, 12 ga Maris, 1975, wani masunci ya tsaya a ƙofar ajina ya ce, "Malam Ɗahiru, Sahabi mai fito ya cika." Ciwon ƙirji na kwana tara, in ji shi. Kafin in isa gidanka an riga an rufe ka.

Sahabi, a filin ƙwallo na fara saninka, shekara biyu bayan samun mulkin kai. Kai ne kyaftin ɗin Gungun Marke, ni kuma na Matasan Tashar Jirgi ta Yelwa. Ba takalmi kuke wasa, kuma kai ke tuƙo 'yan wasanka a jirginka, ku sauka ku shiga fili tun kafaɗa ba ta huce ba. Ban manta ranar da mai tsaron gidanmu ya gurɗe a hannu ba. Kai, abokin karawarmu, ka durƙusa ka ja masa hannun har ya koma, ka ɗaure da rawanin wani ɗan kallo. Duk sanda muka je tsibirinku, ko mun ci ku ko kun ci mu, ba ma dawowa sai da kifi banda cike da kwando.

Sai kakar 1968, shekarar da aka toshe ruwa a Kainji. An tashi garinku, an kai ku sabon matsuguni a hayin yamma. Filinku ya nutse, rabin 'yan wasanku sun bi dangi wasu garuruwa. Duk da haka ba ku fasa wasa ko ɗaya ba a rukuni na biyu na gasar ƙasar Yawuri. Wasan ƙarshe ya haɗa mu a Yelwa. Mu in mun ci za mu hau rukuni na ɗaya, abin da muka shekara shida muna nema. Ku kuwa kunnen doki ya ishe ku tsira, in ba haka ba a sauke ku.

Ƙarfe huɗu ta yi, ba ku zo ba. Biyar saura sai ga ka kai kaɗai, jiƙe sharkaf. Ka ce jirginku ya hau kan wata bishiya da ruwa ya rufe, ya kife, kowa ya fita sai Tanimu, ɗan wasanku na gaba, ba a gan shi ba tukuna. Ka roƙi a ɗage wasa. Alƙalin wasa ya ce doka ta ba mu nasara, sai fa in kyaftin ɗin masu gida ya yarda. Duka ido ya dawo kaina.

Ka ce, "Malam, ka yi muna haƙuri zuwa Jumma'a."

Na ce a raina, ina aka taɓa jin ruwa ya ci Bagunge, ɗan tsibiri? Na ɗauka dabara ce don ba ku cika ba. Na ce doka doka ce. Ka dube ni, ka gyaɗa kai, ka juya bakin ruwa. Aka busa usur, magoya bayanmu suka ɗaga ni sama. Washegari aka tsamo Tanimu daga cikin rassan bishiyar. An sauke ƙungiyarku, ba ta kuma sake haɗuwa ba.

Bayan shekara biyu aka yi mini canji zuwa makarantar hayinku, inda jirgin fito ɗaya ne, naka. Shekara biyar kana kai ni Litinin, kana dawo da ni Jumma'a. Kai ke rufe littattafaina da tabarma in iska ta taso. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, a gidanka na yi jinya, matarka Rahamatu tana dama mini kunu. Amma akwai wuri guda a tsakiyar tafki inda kullum kake ɗaga filafilin tuƙi, jirgi ya tafi da kansa, leɓɓanka suna motsi, sannan ka ci gaba. Babu alama a wurin, ruwa ne kawai. Na san ko ina ne: nan jirginku ya kife da Tanimu. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, "Sahabi, maganar ranar nan..." Ka ce, "Malam, riƙe bakin jirgi, iska na tafe." Babu wata iska. Na ce a raina sai wata rana, har ga shi ka tafi ban nemi gafararka ba.

Litinin ɗin nan wani ne ya fito da ni. Bai san wurin ba, ya wuce da ƙarfinsa, ni kuwa na kasa ce masa ya dakata.

Allah Ya jiƙanka, Sahabi, Ya yalwata maka kabari, Ya sa haƙurinka ya zame maka haske. Allah Ya jiƙan Tanimu, Ya karɓi shahadarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Rahamatu da 'ya'yanku, Haruna da Zainabu, da Inna mahaifiyar Tanimu, da dukan mutanen Gungun Marke a duk inda aka warwatsa su. Abin da ban roƙa wurin Sahabi ba, ku nake roƙo: ku yafe mini. Allah Ya kyautata namu zuwan, amin.